Atisayen babban babur a filin tsere: gasa ce, ganganci ne, ko makaranta?

Duk lokacin da bidiyo ya fito a Facebook ko TikTok na wani matashi kwance bisa tankin babban babur yana tsala gudu a hanyar Jega ko ta Ambursa, musu iri ɗaya ne ke tashi a Birnin Kebbi. Manya su ce ganganci ne, a kama shi. Abokansa su ce ai a ƙasashen waje ma ana yi, har fili ake ware wa abin. An cusa abubuwa uku ne wuri guda: gudun kan titin jama'a, gasar ƙwararru irin ta MotoGP, da kuma ranar atisaye a filin tsere. Na ukun ne aka fi jahilta. Mene ne shi, me sabon shiga ke bukata, kuma yana da wani amfani ga mazaunin jihar da ba ta da irin wannan fili?

Yadda ranar atisaye take

Filin tsere kwalta ce da aka shimfiɗa a zagaye, aka killace, kowa na bin fuska ɗaya. Babu tirela mai tahowa, babu akuya, babu ɗan kabu-kabu mai juyowa ba sigina. A bakin kowace kwana an bar fili mai faɗi da tsakuwa domin wanda ya zarce ya sami inda zai zame ya tsaya, can baya kuma an jera tayoyi. Akwai masu tuta a kwanoni, akwai motar asibiti a tsaye, kuma idan ta fita da wani ana dakatar da hawa sai ta dawo ko wata ta maye gurbinta. Kyalami da ke kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu yana da tsawon kusan kilomita 4.5, Losail na Qatar kusan 5.4. A Najeriya, wanda masu manyan babura suka fi sani shi ne na Evbuobanosa a Jihar Edo.

Ranar atisaye kuwa, wata ƙungiya ce ko kamfani ke karɓar hayar filin na wuni, ta sayar da gurbi ga duk mai babur da lasisi. Babu kofi, babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Ana raba mahaya rukuni uku: sabbin shiga, matsakaita, da gwanaye. Kowane rukuni ya hau minti 20 ya sauka ya ba na gaba, don haka mutum kan sami hawa shida ko bakwai a wuni. Da safe ana duba babur da kayan jiki, sannan a tara kowa a karanta dokoki. Wanda ya makara bai ji karatun ba, ba ya hawa. Zagayen farko na sabbin shiga malami ne a gaba, su bi shi a jere sannu a hankali su ga inda kwanoni suke. A wannan rukuni galibi ba a yarda ka wuce mutum a cikin kwana ba, sai a miƙaƙƙen wuri, da tazara mai kyau.

Da tuta ake magana da mahayi, domin ba ya jin kira. Rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, rage gudu, kada ka wuce kowa. Ja na nufin an tsayar da hawan: ka ɗaga hannu don na bayanka ya gani, ka koma rumfa a hankali, kada ka tsaya a tsakiyar kwalta ko da abokinka ne a ƙasa, akwai masu aikin ɗaukarsa. Baƙa kai aka nufa, ko baburinka na yoyo ko ka karya doka. Mai ratsin ja da rawaya na cewa kwalta na da santsi. Mai ɗigon fari da baƙi kuma lokaci ne ya cika.

Girman babur, inda aka fi yin kuskure

Boxer ɗin da ɗan kabu-kabu ke hawa girman injinsa 100cc ne, ƙarfinsa bai wuce doki 8 ba. Yamaha R1 ko BMW S1000RR na da kusan 1,000cc da ƙarfin doki 200, nauyinsu kuma kusan kilo 200 kacal. Irin wannan babur na kai gudun kilomita 100 a awa cikin kamar daƙiƙa uku, a giyar farko. Wanda ya shekara goma a kan Boxer ya iya zama a kan babur, ya iya karanta titi, amma hannunsa na dama ya saba murɗa totur har ƙarshe ba tare da komai ya faru ba. Wannan sabo da hannun ya yi shi ne ke kayar da shi a kan babban.

Masu koyarwa kusan bakinsu ɗaya: a fara da mai 300cc zuwa 400cc, irin su Yamaha R3, KTM RC 390 ko Kawasaki Ninja 400, masu ƙarfin doki 40 da 'yan kai. Ba don ba su gudu ba, suna wuce kilomita 160 a awa. Dalilin shi ne suna yafe kuskure. Ka murɗa totur fiye da kima a fitar kwana, ƙaramin ya ɗan yi gaba, babban ya zame da tayar baya. Kuma mai ƙaramin babur dole ya koyi shan kwana idan yana son tafiya, alhali mai 1,000cc sai ya riƙa rarrafe a kwana yana fanshewa a miƙaƙƙiya, ya shekara bai koyi komai ba. A filayen atisaye abu ne da aka saba gani, yaro kan R3 ya zagaye mai R1 ta waje.

Lissafin tsayawa ma ya kamata kowa ya riƙe. Mai gudun 100 yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ko da gwani ne, da taya mai kyau, a kan busasshiyar kwalta, yana bukatar kusan mita 40 daga kama birki zuwa tsayawa. Idan ya ninka gudun zuwa 200, nisan ba ninki biyu yake zama ba, ninki huɗu ne, kusan mita 160, ban da wanda ya ci kafin hannunsa ya kai ga birkin.

Shirya babur

Yawancin manyan babura da ke shigowa nan 'yan kwatano ne, sun yi zama a wata ƙasa, sun yi zama a tashar jirgin ruwa, sun yi zama a rana gaban dila. Don haka taya ce abin dubawa na farko, kuma zanenta kaɗai ba ya isa. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar robarta ta bushe ko da zanen na nan kamar sabo, ba ta yin laushin da za ta kama kwalta. Wadda aka yi wa faci kuma ba ta shiga fili. Gaba ɗaya abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai fi faɗin katin ATM ba, a kansa ake birki, a kansa ake kwanciya.

Iska ita ce ta biyu. Manyan babura da yawa kamfani ya rubuta musu 36 a gaba, 42 a baya a ma'aunin psi, domin titi da ɗaukar mutum biyu. A fili ana ragewa zuwa wajen 30 ko 32 a gaba, 28 zuwa 30 a baya, saboda taya za ta yi zafi iskar ta ƙaru da kanta. Ana aunawa da safe taya na sanyi, da geji naka na kanka wanda ka yarda da shi, ba na mai faci na bakin titi da allurarsa ke makalewa ba. Kowace taya da adadinta, a tambayi malamin fili. Kuma a mayar da iskar titi kafin a kama hanyar gida.

Birki: takalman da ke matse faifai su kasance da aƙalla rabin kaurinsu, domin wuni ɗaya a fili na cin abin da watanni a gari ba su ci ba. Man birki shi ne wanda ake mantawa. Irin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma yana tsotsar danshi daga iska, kuma wanda ya sha ruwa na iya tafasa tun daga 155. Idan ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, ka matsa hannun birki ya taho har jikin roba babur bai rage ba. Wannan kan faru ne a ƙarshen miƙaƙƙiya, wato inda aka fi bukatar birkin. Idan man ya yi duhu ko ya wuce shekara biyu, a juye shi.

Sauran ba su da wuya. Sarƙa ta sami mai, sakinta ya yi daidai da abin da kamfani ya rubuta, galibi milimita 25 zuwa 35. Wadda aka ɗaure tamau tana hana shok na baya aiki. Totur ya koma da kansa idan an sake shi. Babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya, a kuma tabbatar bakanike ya ɗaure noti na juye mai da tacensa. Ana cire madubai ko a rufe su da salatif tare da fitilu, don kada gilashi ya watsu idan an faɗi, kuma don mahayi ya daina waiwaye: kiyaye ka aikin wanda zai wuce ka ne. Wasu filaye na sa a juye koren ruwan lagireto a zuba tataccen ruwa zalla, saboda koren idan ya zuba yana da santsi ƙwarai. Fetur kuma a saya a gidan mai, ba na jarka ba. Mai 600cc kan sha fiye da tanki ɗaya a wuni.

Kayan jiki da zafin Kebbi

Hular kwano dole mai rufe haɓa ce, mai tambarin gwaji irin ECE 22.05 ko 22.06 ko Snell, ba irin ta leburorin gini da ake ɗorawa don 'yan Road Safety ba. Ta matse kumatu, idan ka girgiza kai ta tafi tare da kai. Wadda ta taɓa bugun ƙasa da kai a ciki ta gama aiki ko ba ta tsage ba, domin farin soson cikinta sau ɗaya yake murƙushewa. Shi ya sa hular gwanjo caca ce. Sai rigar fata guda ɗaya daga wuya zuwa ƙafa, ko riga da wando da zif ya haɗa su kewaye da ƙugu, da garkuwar baya, da safar hannu ta fata mai rufe wuyan hannu, da takalmi mai rufe idon sawu har ƙwauri. Jins ba ya jure daƙiƙa ɗaya yana gogar kwalta.

Mutumin da ya san Afrilu a Birnin Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai tambayi yadda za a zauna cikin fata. Akwai mai huji-huji da iska ke ratsawa, a sa siririyar riga mai tsane gumi a ciki. Bayan kowane hawa a shiga inuwa, a buɗe zif, a sha kamar rabin lita na ruwa ko ba a ji ƙishi ba. Ƙarancin ruwa hankali yake fara taɓawa kafin jiki, sai ka ga mutum ya manta inda yake kama birki. Wanda ya ji haka da la'asar ya bar hawan ƙarshe, babu mai yi masa gori. Cikin watan azumi kuwa kada ma a sayi gurbin.

Abin da ake koyo a kan kwalta

Ido ne farko. Babur inda kake kallo yake zuwa. Sabon shiga da ya ga ya shigo kwana da gudu sai ya ƙura wa tsakuwar waje ido, hannunsa ya sandare, ya tafi can kai tsaye, alhali da ya juya haɓarsa ya dubi mafitar kwanar da babur ya sha ta lafiya. Mafi yawan zarcewar sabbin shiga ba gazawar taya ba ce, tsoro ne ya miƙar da babur tun da sauran kwanciya a tare da shi.

Na biyu, yadda babur ke juyawa. Da zarar gudu ya wuce kamar kilomita 25 a awa, idan kana son zuwa dama, hannun dama kake turawa gaba. Kan babur ya ɗan karkata hagu, tayar gaba ta fice daga ƙarƙashi, babur ya kwanta dama. Kowane mahayi yana yin haka bai sani ba, har ɗan kabu-kabu. Amfanin sani shi ne ranar da kwana ta matse fiye da zato: wanda ya sani ya ƙara turawa, wanda bai sani ba ya yi ta jan kafaɗa babur ya ƙi.

Birki na gaba ne ke tsayar da babur na gudu. Idan aka kama shi nauyi na komawa gaba, tayar baya ta yi sakayau har wani lokaci ta ɗaga, don haka kusan duk aikin na gaba ne. Sirrin a yadda ake kamawa yake: yatsu biyu, a fara a hankali har kan babur ya nutsa taya ta baje, sannan a ƙara matsa da ƙarfi, a kuma saki a hankali. Wanda ya fizga farat ɗaya ya kulle tayar tun nauyi bai hau ta ba, sai ƙasa. Sabon shiga ya gama birki da rage giya tun babur na miƙe, kafin ya kwantar da shi. Shiga kwana da birki a hannu darasi ne na gaba.

Sai layi. Ana shiga kwana daga gefen waje, a matso gefen ciki a tsakiyarta, a fita ta waje, don a miƙar da lanƙwasar gwargwadon iko. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne juyawa da wuri saboda ɗoki. Ya taɓa ciki da wuri, sai ya tarar kwanar ba ta ƙare ba amma kwalta ta ƙare. Gara a jinkirta juyawa kaɗan. A nemi alama tsayayya, allo ko canjin launin kwalta, a riƙa kama birki a wurin kowane zagaye, sannan a matsa gaba mita kaɗan-kaɗan. Da zarar an ga mafita a fara buɗe totur, santsi-santsi, ana buɗewa babur na miƙewa. Ba a ƙara kwanciya da totur lokaci guda.

Jiki kuwa, cinyoyi su matse tanki, tsinin ƙafa a kan mataki, hannu a sake. Goga gwiwa a ƙasa da ake ɗauka hoto da shi ba manufa ba ce, yana zuwa da kansa idan gudu ya kai. Masu leƙo jiki don hoto su ne ke cika rumfa da fasassun robobi.

Faɗuwa iri biyu ce. Ta farko taya ce ke zamewa babur na kwance, mahayi ya sulale tare da shi, da kayan fata galibi ya tashi ya karkaɗe jiki. Ta biyu ita ce muguwa: tayar baya ta zame saboda totur, mahayi ya firgita ya sake shi gaba ɗaya, tayar ta sake kama kwalta farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya cilla shi sama. Nan ake karya ƙashin kafaɗa da wuyan hannu. Dukansu sun fi faruwa a zagaye biyu na farko, taya ba ta yi ɗumi ba. Wanda ya faɗi kada ya yunƙura sai ya tabbata ya daina sulalewa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Iyaye da malamai suna kafa hujja da hanin jefa kai cikin halaka da kuma almubazzaranci, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ana mutuwa a filin tsere, ko da ba kamar titi ba. Kafin ka hau sai ka sa hannu a takardar cewa kai ka ɗauki alhakin kanka, inshorar titi kuma galibi ba ta biyan ɓarnar fili. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne: taya biyu na iya ƙarewa cikin 'yan kwanakin atisaye, kayan jiki cikakku na iya fin kuɗin sabon Boxer, ga jigilar babur daga Kebbi zuwa Edo a bayan mota, domin mai hankali ba ya hawa baburin da zai iya faɗuwa da shi ya ce a kansa zai dawo.

Masu babura na cewa matashin da ya riga ya sayi babur zai yi gudu ko an so ko an ƙi, gara a wurin da babu yaran makaranta. A nan gaskiya ta fi karkata gare su, da sharaɗi ɗaya: fili na gyara wanda ya je koyo, amma wanda ya je neman suna dawowa yake da ƙarin ƙarfin hali ya sauke shi a titin Ahmadu Bello. Layin da ake bi a fili, daga waje zuwa ciki zuwa waje, a hanyar Argungu yana nufin shiga hannun mota mai tahowa.

Akwai kuma ɓangaren tsaro, wanda ɗan Legas ba ya fama da shi. A wannan yanki babur ya zama abin hawan 'yan bindiga, har Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a 2021, kuma a ƙasar Zuru ayarin babura abin firgita ne. Duk taron masu babura da ba a sanar da 'yan sanda da Road Safety da masu unguwa ba, neman fitina ne.

Abin da zai yiwu a nan

Gina filin tsere aikin biliyoyi ne, kuma jihar da ke fama da hanyoyin kai shinkafa kasuwa ba za ta sa shi a gaba ba. Rufe titin gari a kira shi fili kuma yaudara ce, domin ga turakun fitila, ga kwalbati, ga rairayin da hunturu ke shimfiɗawa a kan kwalta. Amma rabin abin da ake koya wa sabon shiga ba ya bukatar gudun da ya wuce 50. Jihar da ke shirya bikin Argungu, da kokawarsa da tseren kwale-kwalensa, ta san yadda ake killace wuri a tsara mutane.

Abin da ake bukata shimfiɗaɗɗen fili ne mai kwalta ko siminti, kamar mita 100 a tsawo, da izinin masu shi, a share rairayi tas, a hana 'yan kallo tsayawa a fuskar da babur ke nufa, a ajiye mota da ma'aikacin lafiya. A ja layi, mahayi ya taho da gudun 30 ya kama birki biyu a kan layin, a auna inda ya tsaya. Ya maimaita sau goma kafin a ƙara zuwa 40, sannan 50. A jera robobin ruwa da aka zuba wa yashi, tazarar mita 8, ya ratsa tsakaninsu yana tura hannu. A ajiye biyu ya zagaye su kamar lamba 8, ido a kan robar gaba ba a kan taya ba. Mutum ɗaya a kan fili a lokaci guda.

Wanda zai fi cin moriyar wannan ma ba mai Ninja ba ne. 'Yan kabu-kabu da yawa suna tsoron birkin gaba, wasu har sassauta shi suke yi don sun taɓa ganin ya kayar da wani a kan yashi, sai su dogara da na ƙafa kaɗai, wanda ke kulle tayar baya ya ja su zuwa cikin abin da suke gudu. A kan yashi lallai sai an lallaɓa shi, amma a kan kwalta mai tsabta, Boxer da aka gyara wa birkin gaba aka koyi matsa shi a hankali yana tsayawa da tazarar mitoci kafin wanda aka taka wa na baya kawai, kuma ana iya gwada wannan a auna da tef a safiya ɗaya.